Gilashin Kyamarar da Ba Ya Zum: Auna Ɗakin Kafin Ka Biya Kuɗin

Ranar da na fara fita aiki da gilashin 50mm, sai da na manna bayana da bango har na ji sanyin siminti ta cikin riga, amma abin da kyamarar ta iya kwasowa bai wuce mai jego da jaririnta da rabin fuskar goggonmu ba. Sunan ɗan wata ƙanwata ake yi, a ɗakin gidan haya, gado ya cinye rabinsa, akwatuna da kwanukan jere sun cinye wani ɓangaren. Mata shida suka jeru a bakin gado, kowacce ta gyara ɗauri. Goggo ta dube ni ta ce, "Kai wane irin mai hoto ne, sai ja da baya kake yi kamar rago zai kai karo? Ka haɗa mu duka mana." Na ce, "Goggo, ku yi haƙuri, bari in ɗan fita." Na koma tsakar gida ina leƙe ta ƙofa, labule yana kaɗawa a gaban gilashin. Daga ƙarshe wata yarinya ce ta ɗauke su da wayar hannu, ni mai babbar kyamara ina tsaye ina kallo.

Gilashin ba shi da laifi, har yau yana cikin jakata. Ni ne na ɗauki shawarar da ake bai wa kowane sabon shiga, wato "fara da hamsin", ma'ana gilashin 50mm, ban tambayi a kan wace irin kyamara ake nufi ba, ban kuma auna wuraren da nake aiki ba. Tambayar wane gilashi ya kamata a saya tana yawan zuwa mini daga samarin da suka sayi kyamara ta hannu, irin su Canon 600D ko 2000D ko Nikon D3200, suka gaji da gilashin 18-55mm da ta zo da shi, suka tara 'yan kuɗi suna neman ƙarin gilashi guda ɗaya tak. Da su nake magana, ko da yake lissafin zai yi wa kowa amfani.

Gilashin kyamara, wanda masu sana'a ke ce wa lens, iri biyu ne. Akwai mai zum, wanda kana tsaye wuri guda za ka murza zobensa ya jawo maka abu kusa ko ya buɗe maka fili. Akwai kuma kafaffe, mai lamba ɗaya a jikinsa, 24mm ko 35mm ko 50mm ko 85mm, ba ya jawowa, ba ya turawa. In kana son abu ya cika hoto, ka taka ka matsa. In kana son fili, ka ja da baya. Wanda bai sani ba zai ce ai wannan koma baya ne, mutum ya biya kuɗi ya sayi abin da bai kai wanda yake da shi iya aiki ba. To amma kafaffen shi ne na asali. Sai a 1959 kamfanin Voigtländer ya fitar da Zoomar, gilashi mai zum na farko da aka sayar don kyamarar hoto mai fim ɗin 35mm, alhali an yi fiye da shekara ɗari ana ɗaukar hoto kafin nan. Abin da ya sa kafaffen bai mutu ba shi ne aiki ɗaya aka ɗora masa, don haka ƙirarsa ba ta da sarƙaƙiya. Ƙwayoyin gilashi shida ne kacal a cikin Canon 50mm f/1.8, a kan wani tsari da ya samo asali daga Planar, wanda Paul Rudolph ya zana wa kamfanin Zeiss a 1896. Shi kuwa 18-55mm IS II na Canon guda goma sha ɗaya ne a cikinsa, wasu na tafiya gaba wasu baya duk lokacin da ka murza. Sauƙin ƙirar nan shi ke ba da damar a yi gilashi mara nauyi, mai araha, mai shigar da haske da yawa, hotonsa kuma ya fito tas.

Lambar milimitar ba tsawon gangar gilashin ba ce da za ka auna da rula. Tazara ce ta lissafi, tsakanin inda gilashin ke tattara haske da farantin da hoton ke sauka a kansa, idan an saita shi a kan abu mai nisa ƙwarai. Abin da ya shafe ka a ciki shi ne, ƙaramar lamba tana kwaso fili mai faɗi, babbar lamba tana tsuke gani ta cika hoto da abu ɗaya. Sai dai lambar ita kaɗai rabin labari ce. Ɗaya rabin yana cikin cikin kyamara, a kan wancan farantin da ake kira sensa, wanda ya gaji fim.

Ka tuna majigi. Na'ura tana watsa hoto a bango, aka rataya farin ƙyalle don ya kama shi. In ƙyallen babba ne, za ka ga hoton duka. In ƙarami ne, tsakiyar hoton kawai zai kama, gefe da gefe su zube a banza. Na'urar ba ta canja ba, ƙyallen ne ya rage abin da ake gani. Haka gilashi da sensa suke.

Babban ƙyallen, wanda ake auna kowa da shi, milimita 36 ne a faɗi, 24 a tsaye. Oskar Barnack ne ya kafa wannan awon, wani ma'aikacin kamfanin Leitz a garin Wetzlar na Jamus, da ya ɗauki fim ɗin silima ya ƙera masa ƙaramar kyamara. Ita ce Leica da ta shiga kasuwa a 1925, da gilashin 50mm a gabanta. Daga kusurwa zuwa kusurwa awon nan milimita 43 ne, kuma gilashin da lambarsa ta yi kusa da wannan yana ba da hoton da ido ke karɓa ba tare da jin an matse ko an miƙe wani abu ba. Henri Cartier-Bresson na Faransa da hamsin ya yi mafi yawan aikinsa. Shekaru da dama, in ka sayi kyamara mai fim, hamsin ne ke zuwa maƙale da ita. Daga nan shawarar "fara da hamsin" ta fito, kuma a zamaninta gaskiya ce.

Da kyamarar dijital ta zo, sai ya zama ƙera sensa mai wancan girman yana da tsada, aka riƙa yin ƙanana ga masu matsakaicin ƙarfi. Irin da ake kira APS-C, ta Canon kusan milimita 22.3 ce da 14.9, ta Nikon da Sony da Fujifilm kusan 23.5 da 15.6. Ta Olympus da Panasonic, tsarin da suka ƙaddamar tare a 2008, ta fi su ƙanƙanta, 17.3 da 13. Don ka san yadda gilashi zai gani a kan kyamararka, sai ka ninka lambarsa: da 1.6 in Canon ce, da 1.5 in Nikon ko Sony ko Fujifilm ce, da 2 in Olympus ko Panasonic ce. Hamsin ɗin da na saya, a kan tawa kyamarar gani yake yi irin na 80mm. Gilashin ɗaukar fuska na kai ɗakin suna ban sani ba. Wanda ke riƙe da Canon 5D ko 6D, ko Nikon D750, ko Sony A7, shi sensarsa cikakkiya ce, ba ya ninka komai, hamsin ɗinsa hamsin ne.

Akwai wani ruɗani da ya kamata a kawar tun nan. Wasu na zaton gilashin da aka ƙera musamman don ƙaramar sensa, mai alamar DX a Nikon ko EF-S a Canon, an riga an yi masa lissafin. Ba a yi ba. Lambar da ke jikinsa ta ainihi ce, sai ka ninka ta kamar kowacce. Nikon 35mm DX gani yake yi irin na 52mm.

Yanzu ga lissafin da na so a ce wani ya nuna mini kafin ranar sunan nan. Ka ɗauki tazarar da ke tsakaninka da mutanen, ka ninka da faɗin sensa, ka raba da lambar gilashi. Abin da ya fito shi ne faɗin wurin da zai shiga hoto. Mu ɗauki ƙaramar Canon, kana tsaye mita 3 daga mutane. Da hamsin, mita 1.3 za ka samu, wato mutum biyu, in sun matsu uku. Da 35mm, kusan mita 1.9. Da 24mm, mita 2.8. Mata shida a jere suna bukatar wajen mita 3, kenan da hamsin sai na ja baya kusan mita 7 kafin su shiga duka. Ɗakin da magina ke ce wa sha biyu sha biyu bai kai mita 4 ba daga bango zuwa bango, kafin ma a sa gado. Ko mutum ɗaya ne a tsaye, kana son shi daga hula har takalmi, ka kuma juya kyamarar a tsaye, sai ka ba shi mita 4 da rabi. Tef ɗin tela ya isa ya gaya maka duk wannan ba ka kashe ko sisi ba.

Saboda haka tambayar farko ba "wane gilashi ya fi kyau" ba ce, ita ce "a ina ƙafafuna za su tsaya". Mai aiki a cikin ɗakuna da zaure da shago, mai ɗaukar suna da walima da taron dangi, 23mm ko 24mm ne nasa a kan ƙaramar sensa. Canon tana da EF-S 24mm f/2.8 STM da ta fitar a 2014, ɗan siriri kamar murfin gwangwani, nauyinsa giram 125, ganinsa irin na 38mm. Fujifilm ta yarda da wannan faɗin gani har ta ƙera kyamarar X100 da gilashin 23mm f/2 da ba a cire shi sam, kuma tana sabunta ta tun 2011. Wanda ke son gilashi ɗaya na yawo, ya ɗauki kasuwa, ya ɗauki abokai, ya ɗauki mutum ɗaya rabin jiki, 30mm zuwa 35mm shi ne hamsin na gaskiya a kan irin wannan kyamara. Nikon AF-S DX 35mm f/1.8G na 2009 don wannan gurbin aka yi shi, haka ma 30mm f/1.4 na kamfanin Sigma. Da a ce guda ɗaya aka yarda in riƙe, a cikin waɗannan zan zaɓa.

Hamsin kuwa yana da gidansa, kuma gida ne mai kyau. Mai kwalliyar amare da ke son nuna aikinta, telan da ke son ɗaukar aikin wuyan riga, mai lalle, mai sayar da huluna ko turare a Instagram, duk hamsin a kan ƙaramar sensa zai yi musu abin da suke so, muddin suna da filin ja da baya. Shi kuma 85mm, da masu cikakkiyar sensa ke ji da shi wajen ɗaukar fuska, in ka ɗora shi a kan ƙarama ya koma kamar 130mm ko sama da haka. Na fili ne kawai. Sai ka tsaya can nesa kana ɗaga murya kana cewa a ɗan juyo.

Me ya sa ake cewa dogon gilashi yana gyara fuska, gajere yana ɓata ta? A gaskiya ba gilashin ba ne, tazarar ce. In ka matso da kyamara kamu ɗaya daga fuskar mutum, hancinsa ya fi kunnuwansa kusa da kai nesa ba kusa ba, sai hancin ya kumbura, kunnuwan su shige baya. In ka ja baya mita 2 ko 3, bambancin da ke tsakanin hanci da kunne ya zama ba komai ba ne a cikin tazarar, fuskar ta zauna daidai. Gajeren gilashi yana tilasta maka ka matso in kana son fuska ta cika hoto, dogo yana tilasta maka ka ja baya. Shi ya sa hoton da mutum ya ɗauki kansa da waya a tsawon hannu yake fitowa da ƙaton hanci. Babbar kyamarar yawancin wayoyin yanzu ganinta irin na 24mm zuwa 26mm ne, kuma wannan ma abin dubawa ne: in wayarka ta riga ta tsare maka ɓangaren faɗi, watakila abin da ba ka da shi ne ya kamata ka saya.

Wannan kuma shi ya sa maganar da ake yi cewa "ƙafarka ita ce zum ɗinka" ba ta cika daidai ba. Zum yanke hoto yake yi kana inda kake. Takawa kuwa tana canja alaƙar abin da ke gaba da abin da ke baya. Ka tsayar da mutum can gaban hasumiyar masallaci, ka matso kusa da shi da gajeren gilashi: shi zai yi girma, hasumiyar ta koma 'yar ƙarama a bayansa. Ka ja baya sosai ka ɗauke shi da dogo, girmansa a hoto bai canja ba, amma hasumiyar ta taso ta tsaya a kansa. Hotuna biyu ne daban. Wanda ya yi wata uku da kafaffen gilashi ɗaya yakan fara ganin wannan tun kafin ya ɗaga kyamara, kuma a wurina wannan horon ya fi kaifin hoton daraja.

Sai dai kada a yaudare ka, akwai inda kafaffe ba ya aiki. A hawan sallah doki ba ya jiran ka matsa, dogarai ba za su bar ka ka shiga gabansa ba, jama'a kuma sun cika bayanka. Nan mai zum, irin 55-250mm ko 70-200mm, shi ne mai gida. Haka filin ƙwallo, haka taron da aka keɓe wa 'yan jarida wuri guda.

Lamba ta biyu da ke jikin gilashi, mai harafin f, ita ce ainihin abin da ake biyan kuɗi dominsa. A cikin gilashin akwai ƙofar haske, 'yan faranti ne da ke buɗewa suna tsukewa kamar ƙwayar idon kyanwa. Lambar f tana nufin a raba milimitar gilashi da faɗin ƙofar, shi ya sa ƙaramar lamba ke nufin babbar ƙofa. Hamsin a f/1.8 ƙofarsa ta kai kusan milimita 28. Gilashin 18-55mm in ka kai shi ƙarshe ba ya wuce f/5.6, ƙofarsa wajen milimita 10. Hasken da ke shiga ta farkon ya ninka na biyun kusan sau goma. Ka ɗauka falo ne bayan magariba, an ɗauke wuta, ƙwai ɗaya na sola ke ci. Inda gilashin da ya zo da kyamara zai sa ta ƙifta a kan 1/15 na daƙiƙa, duk wanda ya motsa ya zama fatalwa, mai f/1.8 zai ba ka kusan 1/150, yaro na dariya ka tsayar da shi cak. Ko kuma ka sauke ISO, wato ma'aunin ƙarfin jin hasken kyamara, daga 6400 zuwa 640, yashi-yashin nan da ke ɓata baƙar fata a duhu ya ragu ƙwarai.

Matakan ƙofar suna tafiya ne 1.4, 2, 2.8, 4, 5.6, 8, kowane mataki rabin hasken na gabansa. Da wannan za ka gane cewa ɗan siririn 24mm f/2.8 da na yaba ba gwarzon duhu ba ne. Gilashin 18-55mm a kan 24mm yana wajen f/4, ribar mataki ɗaya ce kawai, wato ninki biyu. Ƙanƙantarsa da tsabtar hotonsa ake saya. Da wannan kuma za ka gane abin da ke tsakanin f/1.8 da f/1.4: kashi biyu cikin uku na mataki ɗaya ne, amma kuɗin yakan ninka, nauyin ma haka. Canon 50mm f/1.8 STM giram 160 ne, Sigma 50mm f/1.4 Art giram 815. Gilashi ne na gaske, ba na musu, amma ka rataya shi a wuya daga ɗaurin aure har dina ka ji. Ga mai sayen farko, f/1.8 ya wadatar, rarar kuɗin a sayi filasha da batir na biyu.

Wani abu da gilashin da ya zo da kyamara ya fi yawancin kafaffu masu araha shi ne na'urar hana rawar hannu, wadda Canon ke rubuta wa IS, Nikon VR, Sony OSS. Hamsin mai araha na Canon da na Nikon ba su da ita. Don haka kada ka bar ƙiftawar ta yi ƙasa da 1/80 a kan ƙaramar sensa, gara ma 1/125. Mai ɗaukar bidiyo da hannu ya fi kowa jin wannan rashin.

Babbar ƙofa tana da wata kyautar, ita ce dusashe bayan mutum, bango da kujeru da tarkacen tsakar gida su narke, shi kaɗai ya fito. Wannan ne ke sa sabon mai hamsin ya kulle kyamararsa a f/1.8 ya ƙi sauka. Na yi wannan cutar. Abin da ba a gaya maka shi ne kaurin wurin da ke fitowa tas siriri ne ƙwarai. Hamsin a f/1.8, ƙaramar sensa, mutum yana mita 2 daga gare ka: wajen santimita 11 ne, bai kai tsawon wayar hannu ba. In saitin ya kama bakin mayafi maimakon ido, hoton ya tafi. In ango ya tsaya taki ɗaya a bayan amarya, ɗayansu zai fito dishi-dishi, kuma a ƙaramin allon kyamara ba za ka lura ba sai an wanke hoton an kai gidan surukai. A f/4 kaurin ya kai wajen santimita 24. Mutum biyu, ka fara daga nan. Sahu biyu na jama'a, f/5.6 ko f/8. Kusan kowane gilashi ma ya fi kaifi in an ɗan tsuke shi zuwa f/2.8 ko f/4 a kan in an wangale shi duka.

Ga kuma ranarmu. Tsohuwar ƙa'idar masu hoto ta ce a tsakar rana mai haske, f/16 da ISO 100 suna tafiya da ƙiftawar 1/100. In ka bi matakan ka buɗe zuwa f/1.8, sai ka nemi kusan 1/8000. Ƙananan kyamarorin da muke magana a kansu a 1/4000 suke tsayawa. Sakamakon shi ne a filin idi ko ƙofar gida wajen ɗaurin aure, farar shadda za ta ƙone fat, aikin da ke wuyanta ya ɓace, kuma ba manhajar da za ta dawo da shi. Ko ka tsuke zuwa f/2.8, ko ka ja mutumin inuwar darbejiya, ko ka sayi baƙin filtan rage haske da ake kira ND. In za ka saya, duba awon bakin gilashinka: Canon 50mm STM milimita 49 ne, Nikon 35mm DX 52, Nikon 50mm f/1.8G 58.

Sai maganar mahaɗa, wato bakin da gilashi ke shiga jikin kyamara, inda kuɗin mutane suka fi salwanta. Sunan kamfani ɗaya ba ya nufin baki ɗaya. Canon tana da EF tun 1987, ta kawo RF a 2018 don kyamarori marasa madubi. Gilashin EF yana hawa kyamarar RF da adafta kuma yana aiki lafiya, amma na RF ba ya hawa tsohuwar kyamara ko ta ƙaƙa. Na EF-S ba ya shiga 5D ko 6D. Nikon tana kan bakin F tun 1959, ta kawo Z ita ma a 2018. A Nikon ɗin ne akwai tarkon da ya fi kama mutane. Gilashin 50mm f/1.8D ya fi f/1.8G araha, zai kuma shiga D3200 ko D5300 ya zauna daram, amma ba zai saita kansa ba. Ba shi da injin saiti a cikinsa, jikin kyamara yake jira ya murza shi, su kuma jerin D3000 da D5000 ba a sa musu wannan injin ba. Sai dai ka riƙa murzawa da hannu, a kan kaurin santimita 11. Mai irin waɗannan kyamarori ya nemi wanda aka rubuta wa AF-S. A Canon kuma hamsin mai araha iri biyu ne ke yawo a kasuwa: f/1.8 II na 1990 mai bakin roba da faranti biyar a ƙofarsa, da STM na 2015 mai bakin ƙarfe da faranti bakwai, wanda injinsa ya fi shiru. In bambancin kuɗin ba yawa, na biyun. Akwai kuma na kamfanonin Sin irin su Yongnuo da Viltrox da Meike, masu sauƙin kuɗi. A ɗora a kan kyamararka a gwada kafin a biya.

Hanyar da ta fi kowacce sauƙi ta sanin lambarka tana hannunka tuni. Zoben gilashin 18-55mm yana da alamomi a jikinsa, 18 da 24 da 35 da 55. Ka tsayar da shi a 24, ka naɗe shi da salatif, ka yi mako guda kana aiki a haka. Mako na biyu 35. Na uku ka kai shi dab da 55, ka ɗanɗani hamsin. Makon da ka fi yawan jin hannunka yana son ɓare salatif ɗin, wannan lambar ba taka ba ce. Ka kuma buɗe hotunan da ka fi so cikin waɗanda ka ɗauka a bara, a kwamfuta ko a kyamarar, domin kowane hoto yana ajiye bayanin milimitar da aka ɗauke shi da ita. Da na yi wannan binciken, bayan an riga an sha ni, sai na tarar yawancin nawa tsakanin 22 da 30 suke.

Mai kafaffu biyu ko uku zai riƙa cirewa yana sawa, kuma duk cirewa ƙofa ce ga ƙura. A lokacin hunturu, da iskar nan mai hazo, in ka buɗe kyamara a fili ka gayyato ɗigo-ɗigon da za su riƙa fitowa a sararin samaniyar kowane hoto. Ka kashe ta tukuna, ka juya wa iska baya, bakinta yana kallon ƙasa, sabon gilashin yana hannu a shirye. In da hali ka shiga mota ko ɗaki.

Tunda yawancinmu na hannu muke saya, kada ka je wurin mai sayarwa ba tare da kyamararka da tocila ba. Cire murfin gaba da na baya, ka haska ta ciki kana karkata shi. 'Yar ƙura ba ta hana komai, kusan kowane tsohon gilashi yana da ita. Abin gudu shi ne fumfuna, wadda ke kama da saƙar gizo ko saiwar ciyawa tana yaɗuwa daga gefe, alamar ya zauna a wuri mai laima, da kuma hazo fari a tsakanin ƙwayoyin. Ƙarzuwa a gilashin baya ta fi ta gaba illa. Farantan ƙofar haske su kasance a bushe, ba maiƙo. Murza zoben saiti ka ji ko yana tafiya sumul ko yana cijewa kamar da yashi a ciki. Sannan ka manna shafin jarida a bango, ka tsaya daidai gabansa, ka ɗauka a f/1.8 da f/4, ka faɗaɗa hoton ka duba kusurwa huɗun. In gefe ɗaya ya fito tas ɗayan ya dushe, gilashin ya taɓa faɗuwa, ko da mai shi ya rantse. Daga nan ka jera batura uku a kan tebur, kowanne ɗan yatsa biyu a bayan ɗan'uwansa, ka saita a kan na tsakiya, ka ɗauka sau biyar, ka ga ko na tsakiyar ne ke fitowa kowane karo.